Wa Ya Rufe Kififiyar Baba?

Abubuwa da yawa na zamanmu a Gyaɗi-Gyaɗi sun fara shige mini duhu, har sunayen wasu maƙwabtan sai na yi da gaske nake tunowa. Amma ranar da na tarar da kififiyar mahaifina a sandare cikin baho, wannan kam sai dai in tafi da ita kabari. Shekarar da soja suka tattara suka koma bariki ce. Gari ya cika da hotunan 'yan takara, har bangon banɗakinmu bai tsira ba, kuma kowa ya zama mai zargin kowa.

Baba masunci ne, a bakin kogi wajen Wudil ya yi rayuwarsa. Da mahaifiyarmu ta rasu, ƙafa kuma ta fara gaza masa, sai na lallaɓa shi ya dawo wurina. Mijina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka ɗakin da muke ajiye tarkace na gyara wa Baba. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Abin da ya zo da shi bai taka kara ya karya ba: buhun tufafi, tsohuwar komarsa ta kamun kifi, sai wata kififiya, wato kunkurun ruwa, wadda ta faɗa masa a koma a fitarsa ta ƙarshe. 'Yar garinmu yake kiranta, wai duk Kano daga shi sai ita suka san ƙamshin wancan kogin.

A gindin bango ya ajiye mata baho, ya zuba ruwa kaɗan, ya sa wani faffaɗan dutse a tsakiya. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya sha karatu.

"Ita fa ba kifi ba ce," haka yake cewa. "Iska take shaƙa kamar ni da kai. Ka hana ta ɗago kai, to ruwan nan da kake gani shi zai kashe ta."

Mun ji wannan magana har mun haddace. Ni dai ban damu da dabbar ba, ƙarninta ma damuna yake. Abin da na sani shi ne, saboda ita Baba yake tashi da safe. Zai ja ƙafa ya je ya haƙo mata tana a bakin kwata, ya canza mata ruwa, ya zauna yana ba ta labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa. Tsohon da ya zo mini ba ya cin abinci sai ga shi yana neman ƙari.

Mutum biyu ne a gidan suke da magana a kanta. Na farko wani magidanci ne a ɗakin bakin zaure, mai yi wa wani ɗan takarar kansila yawon neman ƙuri'a. Ya sha zuwa ya durƙusa gaban Baba, wai malamin maigidansa ya ce a nemo kififiya mai rai za a yi wani aiki. Baba ya ce ko kujerar gwamna za a ba shi ba zai bayar ba. Mutumin ya tashi yana murmushin da ban yarda da shi ba. Ta biyu kuwa Inna mai koko ce, dattijuwar da ɗakinta yake kallon nawa. Ita ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce ƙarnin dabbar na hana ta numfashi, ga masu sayen kokonta sun fara tsegumi, wai gidan da ake kiwon kunkuru ba a rasa tsafi a ciki, kuma da ruwan famfo ɗaya ake dama koko ake wanke baho. Ta faɗa mini a fuskata cewa in mayar da abin nan kogi tun muna ganin mutuncin juna.

Ranar da abin ya faru, na je kasuwar Tarauni sayen zare, don ɗinki nake yi a gida. Na dawo wajen la'asar, gidan shiru. Tun daga zaure na ga ƙasa a jiƙe. An cika bahon fal har yana zuba, an shimfiɗa komar Baba a bakinsa an ɗaure tamau, an kifa tire a sama, sannan an ɗauko dutsen nan nata an danne tiren da shi. Na yar da ledar hannuna. Na ture dutsen, na kama ƙullin igiyar ina ta fama ya ƙi kwancewa, sai da na ɗauko wuƙa na yanke. Tana can ƙasa, wuya a miƙe, ƙafafu a sake, ido a rufe.

Ihun da na yi ne ya tashi Baba daga barci. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba. Ya karɓe ta daga hannuna ya ce, "Kada ki juya ta rigingine!" Ya sunkuyar da kanta ƙasa kaɗan, ya kama ƙafafunta na gaba yana miƙewa yana turawa ciki, yana miƙewa yana turawa. Ruwa ya riƙa fitowa ta hancinta. Mutanen gida suka zagaye mu, wata tana cewa ai ta mutu, wani yana dariya wai yau ga abin ruwa ruwa ya ci shi. Baba bai ɗago ba. Can da daɗewa sai wuyan ya motsa, ta buɗe baki ta ja iska da wata 'yar ƙara.

Sai a lokacin Baba ya dubi jama'a, hawaye na bin gemunsa.

"Wane marar imani ne ya yi wannan? Me ta tsare muku?"

Ni kuwa ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Mutumin bakin zaure ya yi saurin cewa shi tun safe yana wurin taro. Wa ya tambaye shi? Inna mai koko ba ta ce komai ba, ta tsaya tana kallon komar da na yanke, sannan ta shige ɗaki.

Washegari na sa ta a bokiti na hau acaɓa zuwa wurin wani likitan dabbobi a Tarauni. Ɗan acaɓan ya leƙa bokitin sau ɗaya, bai sake yi mini magana ba har muka isa, na san shi ma ya gama yanke mini hukunci. Likitan ya yi dariya ya ce shi da awaki da kaji ya saba, amma ya duba ta da kyau. Ya ce ruwa ya shiga huhunta, kuma haɗarin bai wuce ba, don ciwon da ke biyo baya shi ya fi kisa. Ya yi mata allura, ya ce in ajiye ta a busasshen wuri mai ɗumi, in riƙa sa ta a ruwan da bai kai hancinta ba don ta sha, kuma in lura ko kumfa na fita daga hancin.

Haka na koma mai jinyar kunkuru, ni da nake toshe hanci in na wuce ta. Na shimfiɗa tsohon zane a kwali na ajiye kusa da keken ɗinkina. Da hantsi in fito da ita ta sha rana, in rana ta yi zafi in mayar da ita inuwa. Na kawo tana ta ƙi, na kawo ƙananan kifi ta kau da kai, har fara na sa aka kamo mini. Sai dai ta kwanta tana numfashi da baki a buɗe. Da ta daina ci, Baba ma ya daina. In na kai masa tuwo sai ya ce, "Ta ci?" In na ce a'a, sai ya ture kwanon. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana gyaran komar da na yanke, yana ramewa a kan idona. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na gane in dabbar nan ta tafi ba ita kaɗai za ta tafi ba.

Ga shi kuma wanda ya yi abin yana cikin gidan, muna shan ruwan famfo ɗaya. Na daina barin ƙofata a buɗe. In mutumin bakin zaure ya ce, "Ya mai jiki?" sai in ji kamar yana tambaya ne ko gawa ta samu. Amma zuciyata ta fi tsayawa a kan Inna, saboda wata sabuwar ɗabi'a da ta ɓullo da ita. Da kififiyar ta ɗan farfaɗo na fara mayar da ita baho da rana, sai Inna ta bar inuwar ƙofarta ta dawo gindin bango da faifanta tana tsintar gero, dab da bahon. Matar da ta ce ƙarni na hana ta numfashi! Na daina sayen kokonta, gaisuwa ma sai ta fatar baki.

Daga ƙarshe na ce zan kama ta da hannuna. Wata rana bayan azahar na yafa gyale, na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce na tafi Tarauni karɓo magani. Na fita, na ɗan zagaya layi, na dawo lokacin da na san ta shiga salla, na lallaɓa ɗakina na tsaya bayan labule.

Ban daɗe ba sai ga ta da faifanta. Ta zauna, ta leƙa bahon, ta waiga hagu da dama. Har na kama labulen zan fito. Sai na ji ƙarar ruwa a famfo.

Baba ne. Ya taho da bokiti a hannu ɗaya, koma a kafaɗa, yana tafiya da wani irin ƙarfi da na daɗe ban gani a jikinsa ba. Ya tsuguna ya cire dutsen daga baho. Sannan ya kira sunan mahaifiyata, wadda ta daɗe a ƙasa, ya ce ta miƙo masa tire.

"Tarwaɗar nan babba ce," ya ce. "In ba a danne ta ba tsallakewa za ta yi kafin gobe kasuwa."

Haka masunta suke ajiye tarwaɗa da rai: a cika mata ruwa, a ɗaure baki, a danne. Tun ina ƙarama nake ganinsa yana yi. Ƙullin nan da ya gagare ni kwancewa ma nasa ne, babu mai irinsa a gidan. Na tsaya bayan labulen ina kallo.

Inna ta ajiye faifai ba tare da gaggawa ba, ta riƙe bakin bokitin.

"Malam, ai wannan an riga an saya. Mai ita ya ce a bar ta haka, yanzu zai aiko."

"An saya?"

"An saya, kai ma ka yi ciniki. Kawo komar in shanya maka, ka je ka huta."

Ya miƙa mata kamar ƙaramin yaro, ya koma ɗaki. Ta mayar da dutsen wurinsa, ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Na fito ina kuka na durƙusa a gabanta. Ba ta yi mamakin ganina ba.

"Inna, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar na yi zargi, da na ga ɗaurin. Bayan nan kuma ya tare ni a bakin famfo yana tambayata ko jirgin fito ya iso."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"'Yar nan, da wane bakin? Ni da na ce a fitar da ita, ni zan zo in ce mahaifinki ne? Cewa za ki yi na ƙara da sharri. Kuma kin ga yadda ya yi kuka ranar. In ya ji shi ne, ai mun kashe shi." Ta share mini fuska da bakin zanenta. "Har gobe ba na son ƙarninta. Amma tsohon nan nake gadi."

Daga ranar jinyar ta zama ta mutum biyu, masu jinyar ma muka zama biyu. Na kai Baba asibiti, aka ce rikicewar tsufa ce ta fara, tana zuwa tana tafiya, kuma za ta ƙaru. Komar na ɓoye a ƙarƙashin gadon Inna, na ce masa an kai gyara. Ba mu sake barin sa shi kaɗai da bahon ba. Ana cikin haka wata safiya na jefa wa kififiyar tana kamar kullum, ba tare da na sa rai ba, sai ta miƙo wuya ta cafke. Baba ya yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Ranar ya cinye tuwonsa, ya aika a sayo masa kokon Inna.

Ya ƙara wasu shekaru tare da mu. A hankali ya manta sunan mijina, ya manta unguwar da muke, wani lokaci ni kaina sai ya gaishe ni kamar baƙuwa. Amma duk ranar da hankalinsa ya dawo, sai ya dubi bahon ya ce, "Har yanzu ba ki gano wanda ya so kashe 'yar garinmu ba?" Ni kuma in ce, "Baba, na gano. Ba da mugunta ya yi ba, kuma yana sonta ƙwarai." Sai ya girgiza kai ya ce to Allah ya yafe masa, ni da Inna mu ce amin.

Bayan rasuwarsa, ni da Inna muka shiga mota muka kai kififiyar bakin kogin da ya kamo ta, muka sake ta.

Abin da na koya shi ne, zargi yana sa mutum ya zuba ido a ƙofofin mutane har ya kasa ganin abin da ke faruwa a ɗakinsa. Na kuma koyi cewa ba kowane shiru ne na mai laifi ba. Wani ya yi shiru ne don yana riƙe maka abin da ba za ka iya ɗauka ba tukuna. Yanzu da nawa tsufan ya ƙwanƙwasa ƙofa, har na fara neman tabarau alhali yana fuskata, addu'ata ɗaya ce: ranar da zan cika wa wani baho da ruwa ina ganin alheri nake yi, Allah ya sa akwai mai faifai zaune a gindin bango.