Kwalbar Tagar Baba Anselme

Kantin giyar Baba Anselme Rouvier yana jikin shagon ɗinkina, bango ɗaya muka haɗa, don haka na san tarinsa, na san fushinsa, na kuma san abin da duk unguwar ba ta sani ba. Mutum ne gajere mai gashin baki, da girman kai da ya fi ƙarfin tsayinsa. Ba ya sayar maka da ruwan inabi sai ya yi maka tambayoyi kamar ɗan sanda. Me za a ci? Kifi ko agwagwa? Surukarka za ta zo? In ka miƙa hannu kan kwalbar da bai zaɓa maka ba, sai ya buge hannun. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma kullum sai mun ji shi: bai taɓa sayar da kwalbar da zai ji kunyarta ba.

Rana tana lalata giya, shi ya sa kwalaben da ke tagarsa na ado ne kawai. A cikinsu akwai wata mai tsada, mai tambarin zinariya, wadda ni na cika masa ita da ruwan famfo da jan rinin da ya rage mini na wasu labulaye. Ya mayar da toshiya, ya liƙe bakin, ya ɗiga alli a gindinta don ya gane ta.

Ana gab da Kirsimeti ya ɗauko ta zai goge mata ƙura, ya ajiye kan kanta kusa da ta gaskiya. Sai ga Madam Odile, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, za ta cin abinci gidan Gaspard mahauci. Ya naɗe mata kwalba, har da rakiya zuwa ƙofa. Da ya zo mayar da ta ado taga, ya juya gindinta, babu alli.

Ya faɗo shagona yana haki.

"Léontine, na shiga uku! Na sayar wa Odile labulenki."

"To ka bi ta ka faɗa mata mana. Wannan ma abin tashin hankali ne?"

"In faɗa mata? Ni? Ai gara in rufe kantin in koma sayar da lemo."

Abin da ya cece shi a ranar shi ne al'adarmu. Ba ka zuwa gidan mutane hannu rabbana, kuma mai gida ba ya buɗe kwalbar baƙo, tunda ya riga ya zaɓi tasa. Gaspard ya karɓa daga hannun Odile, ya ga zinariya, ya yi godiya, ya kai ta ɗakin ƙasa. Washegari ya leƙo kanti ya tambayi Anselme ko ta dace da naman sabuwar shekara.

"Kada ka kuskura!" in ji Anselme. "Ba ta nuna ba. Bar ta ta yi barci. Ko kuma kawo ta nan, in ba ka biyu a madadinta."

Nan ya yi kuskurensa na biyu, wanda ya fi na farko. Gaspard ba wawa ba ne. In Anselme, wanda ko toshiya ba ya bayarwa kyauta, zai ba da biyu kan ɗaya, to lallai abin da ke ɗakin ƙasansa dukiya ce. Ya ƙi. Kuma da yake abu mai daraja irin wannan ya fi ƙarfin cikin mahauci, sai ya kai wa likita ranar da aka gayyace shi. Likita ya kai wa mai gidan burodi a bikin 'yarsa. Mai burodi ya kai wa limamin coci.

Haka kwalbar ta yi ta zaga unguwa shekara da shekaru, Anselme na biye da ita. Mutumin da a da ba ya zuwa gidan kowa ya zama ba ya ƙetare suna, ba ya ƙetare jana'iza. Duk gidan da ta sauka, sai ka gan shi a bakin ƙofa da 'yar hularsa a hannu, wai ya zo duba lafiyarta. Ya ɗaga ta a haske, ya girgiza kai, ya ce saura kaɗan. Ya taɓa ƙoƙarin ture ta da gwiwar hannu a gidan likita, matar likita ta yi tsalle ta cafe ta, ta targaɗe a kafaɗa, unguwa ta yi ta yaba mata. Ni kam dariya ta kusa kashe ni, amma wallahi tausayinsa ya fi yawa, don mutumin ramewa yake yi.

Da ƙafafunsa suka gaza hawa tsani ya ce zai rufe kanti, sai unguwa ta shirya masa walima wata Lahadi da rana, aka jera tebura a kan titi. Bayan an ci an ƙoshi, Gaspard ya miƙe da wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Tun kafin ya buɗe na gane kwalbar ce, ta zago ta sake faɗawa hannunsa.

"Baba Anselme," in ji shi, "ta dawo gida. Yau kam ko ta nuna ko ba ta nuna ba, sai mun ji ta. Buɗe mana da hannunka, tsoho."

Aka yi tafi. Kowa ya zubar da abin da ya rage a tambulan ɗinsa ya miƙo, har limamin coci. Madam Odile tana gaba, tana share hawaye.

Anselme ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya cire toshiya a hankali, ya sansana ta kamar yadda ya saba, ya dubi tambulan ɗin da suka kewaye shi. Sai kawai ya kafa bakin kwalbar a bakinsa. Titi ya yi tsit, ba ka jin komai sai maƙogwaronsa. Bai sauke ba sai da ya ga gindinta, sannan ya goge allin da babban yatsa.

"Kai, tsohon banza!" Gaspard ya daka masa tsawa. "Ko ɗigo? Shekarun nan duk muna yi maka gadinta?"

Tun daga ranar har Anselme ya mutu Gaspard bai sake gaishe shi ba, kuma sunan marowaci ya bi shi har kabari. Amma ba a taɓa samun wanda ya ce Anselme ya sayar masa da mummunar kwalba ba.

A wurin walimar dai, Madam Odile ce kaɗai ta matso.

"To aƙalla faɗa mana, Anselme. Yaya take?"

Ya yi gyatsa, ya buɗe baki, haƙora da harshe da gashin baki duk sun rine jawur kamar labulena.

"Kun yi gaggawa, Madam," in ji shi. "Ba ta nuna ba."