Ashirin Cif a Keji na Ɗaya

A Jidda babu kogi. Amma daktorar da na yi aiki a ƙarƙashinta, a bakin kogi ta koyo sana'arta, a wata ƙasar sanyi, gefen tashar lantarki mai aiki da nukiliya, inda take duba ko ruwan ɗumin da tashar ke zubarwa yana cutar da kifi. Da ta dawo sai aka ba ta irin aikin a teku, kudu da gari, inda wata tasha ke tace ruwan gishiri tana ba da wuta, tana kuma mayar da ragowar ruwan cikin teku da zafinsa da maganinsa. 'Yar Hausawan Sudan ce, gajeriya, ba ta ɗaga murya, abin da ya sa nake shakkarta ke nan. Ni ne mai ɗebo mata ruwa a kwalabe da rubuta awo.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Keji uku muka nutsa a teku, kowanne da kifi ashirin, irin wanda ake kira sijan. Na ɗaya daf da bakin magudanar tashar, na biyu da ɗan tazara, na uku can nesa inda ruwan tashar ba ya kaiwa. Lahadi da Laraba mu je mu ƙirga. Idan na keji na ɗaya suna mutuwa, na uku suna nan garau, to ruwan tashar ne. Wato mushen kifin shi ne shaidar da muke jira. Yaro ma zai gane wannan in an gaya masa.

Kawuna ne ba a gaya wa ba, kuma ni ne ban gaya masa ba.

Yayan mahaifiyata ne, Basarke, masunci na gado daga Yawuri, mutumin da ya fara tuƙa kwalekwale kafin ya iya sa wando. Ya daɗe a Jidda yana gadi, sai kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya rufe shago, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta rage 'yan watanni. Mahaifiyata ta zaunar da ni a ɗakinta na unguwar Waziriyya ta yi ta kuka har sai da na je na roƙi kamfaninmu ya karɓe shi matuƙin jirgi. Suka yarda, da sharaɗin gwajin wata uku. In ya tsallake, a mayar da kafalarsa gare su. In aka samu matsala, sai fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Ni na tsaya masa, ni na sa hannu.

Ranar farko na ɗauko zancen a bakin ruwa. Na ce, "Kawu, kifayen nan akwai yadda ake..."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya. "Kai ɗan Jidda, da ba ka san kifi ba sai a kan shinkafa, ni za ka koya wa kifi?"

Na yi dariya ni ma, na haɗiye sauran maganar. Ina da saurin fushi, a wurin aiki kowa ya san bakina, amma ban taɓa iya tsayawa gaban babba ina yi masa darasi a kan sana'ar ubansa ba. Sai na ce masa kawai kullum da safe ya fita shi kaɗai, ya kankare gansakukar kejin, ya zuba musu abinci. Ya ce halas, wato shi ke nan.

Makon farko, ashirin, ashirin, ashirin. Na biyu haka. Na uku haka. Ni murna nake yi. Daktora kuwa sai ta tsoma hannu a ruwan keji na ɗaya, mai ɗumi kamar shayin da aka manta, ta sunsuna, ta dubi awon da na rubuta.

"Da wannan zafin, da wannan maganin, ya kamata a ce sun fara faɗuwa," ta ce wata rana. "Ma'alesh, ba komai, wataƙila sijan ɗin Jidda sun fi na littafi ƙarfi."

Kawu yana baya riƙe da inji, fuskarsa tas.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na ga birginsa na kamun kifi a ƙarƙashin katakon zama, a jiƙe, alhali ba a ce ya yi kamu ba. Na ga wani kifi a keji na ɗaya da ya fi 'yan'uwansa faɗi nesa ba kusa ba. Amma na kawar da kai. Tambayar tana bakina kullum a hanyar komawa gida, yana gefena a mota yana jan carbi, sai in ce bari gobe.

Larabar ƙarshen wata Daktora ta shigo jirgi da baƙin ƙyalle da wata 'yar tocila mai shuɗin haske. Ban taɓa ganinsu ba. Na tambaya, ta ce tun kafin a nutsa kifayen ta sa wa kowanne ɗigon launi a ƙarƙashin fata, bayan ido, wanda ba a ganinsa sai da wannan hasken. A ƙarshen wata take dubawa kafin ta rufe rahoto. Ta faɗa da Larabci, da sauri, Kawu bai ji ba. Ni kuwa na ji sarai.

Muka fara da na uku. Ina ciro kifi da 'yar koma, tana lulluɓe kai da ƙyallen, ta haska, ta ce, "Akwai." Ashirin duka akwai. Na biyu ma haka. Ina ta jan aikin, in saki kifi ya sulluɓe, in sake kamowa, har ta ce, "Yalla, yi sauri, rana tana yi."

Kawu ya juya jirgi zuwa magudana. Ruwan wurin yana tafasowa daga ƙasa, fari-fari, da wari irin na wankin asibiti. Muka jawo kejin. Ashirin cif, suna ta watsal-watsal.

Na farko, akwai. Na biyu, akwai. Na fara numfashi. Na uku ta daɗe a cikin ƙyallen, ta juya shi ɗaya gefen, ta ce, "Babu." Na huɗu babu. Na biyar babu. Ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa da muryarta daga cikin ƙyalle, babu, babu, akwai, babu. Ina ta miƙa mata su ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama, bakwai ne nata. Sha uku baƙi ne.

Ta cire ƙyallen, ta ninke shi a hankali. Ta duba kejin ko'ina, babu huda. Sannan ta dube ni, ta koma Hausa, don kowa ya ji.

"Kifi ba ya buɗe ƙofa ya fita ya kira wani ya zauna masa. Wa ke buɗe kejin nan?"

A nan ne ya kamata in yi magana. Kalma huɗu ce: ban gaya masa ba. Amma na tuna iƙamata ni ma a hannun kamfanin take, na tuna 'ya'yana biyu da ba su san wata ƙasa ba sai wannan, sai bakina ya mutu. Na zuba wa ruwa ido.

"Ni ne, 'yata," in ji Kawu. Bai ko ji tsoro ba, shi a ganinsa abin yabo ya yi. "Suna mutuwa, ɗaya, biyu, wata rana uku. Ba a barin mushe cikin masu rai, yana kashe sauran. Ina cirewa in cike da nawa. Kuma ɗan nan ne ke rubutu. In kika zo kika tarar sun ragu, ai cewa za a yi shi ya yi sakaci."

"Baba, matattun suna ina?"

"Na kai su nesa na zubar."

Ta rufe ido. Sai ta buɗe littafi ta ce ya faɗa mata abin da ya gani. Ya faɗa tiryan-tiryan: ranar da na farko ya mutu, yadda suke tasowa sama suna haki, yadda jan naman da suke numfashi da shi ya koɗe ya yi fari, da cewa sun fi mutuwa washegarin da warin ruwan ya yi ƙarfi. Tana rubutawa tana girgiza kai. Da ya gama ta ce, "Wallahi, Baba, abin da na yi wata guda ina nema ke nan, kuma ba mai karɓarsa daga gare ni ba tare da kifin a hannu ba."

Sai a lokacin fuskarsa ta sauya. Ya juyo ya dube ni. Ban iya haɗa ido da shi ba.

Aikin watan ya rushe, kuma dole rahoto ya faɗi dalili. Washegari na je ofis na faɗi kalmomina huɗu, da ƙarfi ma, har da buga tebur. Aka ce an ji, aka ba ni takardar gargaɗi. Shi kuwa ɗan gwaji ne, an riga an sa hannu a takardar fitarsa tun da safe. Daktora ta roƙa masa, ba a ji ba. Aka sake nutsa sababbin kifaye da wani matuƙin, suka mutu kamar yadda Kawu ya ce, aka sa tashar ta gyara abin da za ta gyara. Ban ji daɗin komai a ciki ba.

Ni na kai shi filin jirgi. Mahaifiyata ta ƙi shiga motata. Duk hanya carbinsa yake ja, ni kuma na gwammace ya zage ni. Da muka isa inda ba a barin mai rakiya ya wuce, ya ajiye jakarsa, ya gyara mini wuyan riga kamar ina yaro.

"Shekara hamsin ina hana kifi mutuwa a hannuna," ya ce. "Da ka ce mini mutuwarsu ce aikin, ɗan nan, da na zauna na zuba musu ido."

Na ce, "Kunya na ji, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakarsa, ya shiga layi.