Ruwan Goron da Kwamfuta Ta Koɗar

Gwaggona, yayar babanmu, rini take yi a bayan gidanta a Anguwan Rogo tun kafin a haife ni. Da bikin ƙanwata ya zo, ita ta rina shaddar ankon dangi kaf, ruwan goro mai ɗaukar ido. Sai dai ba ta samu zuwa ba, ranar tana kwance a asibiti, an yi mata aikin ido.

A shekarun nan ina da ɗan shago a wajen kasuwar Taminus, ina buga wa mutane takardu da wata kwamfuta 'yar gwanjo. Mai ɗaukar bidiyo ya kawo min bikin a faifai, irin wanda sai kwamfuta ke buɗewa, don injin bidiyo na gida tofo shi ya yi. Da Gwaggo ta ji sauƙi ta ce a kawo ta, tana so ta ga rininta a jikin mutane. Na share mata kujera, na kunna.

Subhanallahi! Mata suka fito a allo cikin wani abu wai shi ruwan hoda, fari-fari, kamar tsumman da ya shekara a igiyar shanya. Gwaggo ta matso, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Rinin bai kama ba," in ji ta. "Kuka rufe ni."

"Haba Gwaggo, wallahi injin ne!"

"Ai haka za ka ce, ɗan nan. Dukanku kara gare ku."

Nan fa matsalar take. Ta san danginmu sarai: ko gishiri ya yi wa miya yawa, sai mu cinye mu ce Allah ya yi albarka. Mamanmu ta kai mata zanen ankon har gida ta shimfiɗa a gabanta. Gwaggo ta shafa ta ce a ɗaki kowane rini kyakkyawa ne, a rana ake gane shi, bidiyon kuma a rana aka ɗauka. Idonta ne ya cuce ta a bakin tukunya, in ji ta, kuma ba za ta ƙara ɓata wa kowa shadda ba.

Raina ya ɓaci matuƙa, na rasa inda zan sa kaina. Na kai faifan wani shagon intanet, sai ga ruwan goro rangaɗau. Na ruga na gaya mata, ta ce ta gani da idonta sau ɗaya, ba mai yawo da ita gari. Sai na ƙudurta cewa injin da ya yi ƙaryar shi zai janye ta da bakinsa.

Me ban yi ba? Na mari allon. Na zare waya na hura na mayar. Na murɗa maɓallan gaban allon har rubutu ya koma kore, shadda tana nan a koɗe. Na sayo faifan manhajojin kallo wurin masu talla a tasha, na sa wannan na cire wancan, duk kanwar ja ce. Ina cikin yi a ɗauke wuta, in fita in zaga shago kamar kaza mai neman wurin ƙwai, in dawo. Masu kawo takardu suka fara ƙorafi, ni kuwa ko a jikina.

Na kira wani Bayarabe mai gyara a layinmu. Ya leƙa, ya taɓa nan ya taɓa can.

"Oga, bairos ne. Sai an goge komai."

"A goge takardun mutane? Kai dai kowace cuta bairos ce a wurinka!"

Ya yi dariya ya kama gabansa. Bayan tafiyarsa ne na lura da wani abu: hotunan bikin da ke cikin kwamfutar kalarsu daidai, mai motsi kaɗai ke koɗewa. Ashe laifin ba na allo ba ne. Na shiga tonon saitin nuni, ɗaki cikin ɗaki, har na iske wani shafi na bidiyo shi kaɗai. Ga ɗan maɓallin ƙarfin kala an ja shi can ƙasa. Ko wane mai shegen hannu ne ya yi haka a ƙasar da aka kwaso injin, oho. Na mayar da shi tsakiya. Ruwan goro ya cika allo, har na yi ihu ni kaɗai.

Ban tsaya rufe shago da kyau ba. Na tari tasi, na rungume allon a cinya, kwamfutar tana gefena, sai Anguwan Rogo. Da na shiga bayan gida na tarar an kife tukwane, safar hannunta ta roba tana rataye ta bushe ƙamas. Na wuce na jona wayoyi a falonta, Allah ya taimake ni akwai wuta.

Ta kalla tun daga farko har ƙarshe. Ga mata a tsakar rana, shadda sai walƙiya take. Na ga bakinta yana motsi, tana murmushi.

"Kin gani ko, Gwaggo? Haka yake tun ranar. Saiti ne kawai na mayar."

Ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta dafa kaina.

"Ya yi kyau, ɗan nan. Ashe kai ma ka iya rini. Allah ya yi maka albarka, ka rufa min asiri."

Na rantse, na sake rantsewa, cewa rininta ne, ban ƙara komai ba. Ta ce in sha kunu kafin ya huce. Gwaggo ba ta sake ɗora tukunya ba har ta bar duniya.