Dabinon Kaka

Duk ranar da na kwance ledar dabinon Libiya a kasuwar Gure, ƙanshinsa kwarin kakana yake mayar da ni.

Kwarin yana tsakanin tuddan rairayi, ta hanyar Gidigir. Can Kaka, mahaifin babana, yake da itatuwan dabinon da ya gada. In ba cikin dabino ka tashi ba, to ka sani ba ya haihuwa haka kawai. Idan ɗari ya shigo dabino ya yi fure, sai an hau namijin an yanko furensa, a hau kowace mace a cusa shi cikin nata, a ɗaure da kaba. Baba ne mai hawa. Kaka yana ƙasa yana nuni da sanda, yana ta faɗa sai ka ce shi ƙaya ke suka.

Shekarar da hatsi ya ƙi, Baba ya bi babbar mota zuwa Libiya tare da mazan unguwarmu. Ba zan ɓoye ba, tafiyar ta yi mana rana. Tukunya ba ta kwana ba wuta ba, aka yi wa ɗakin Inna rufin kwano, aka sa ni lakwal, makarantar boko.

Sai ɗari ya zo, dabino ya yi fure, babu mai hawa. Kaka ya zaga gida-gida, daga tsofaffi sai mata sai mu yara. Ya kama itacen da kansa, gwiwa ta ƙi. Ya dube ni ya ce, "Amarya, mijinki ya tsufa." Ranar ban rama tsokanar ba, tausayinsa ya kama ni. Ƴaƴan suka fito sirara, ba ƙwallo ba zaƙi, awaki suka ci rabonsu.

Da Baba ya zo ganin gida, ya sauke buhun dabino manya-manya, masu danƙo. Kaka ya ɗauki ɗaya yana juyawa.

"Wane aiki kake yi can?"

"Gonar wani Balarabe, Baba. Dabinonsa nake hawa."

Kaka ya ƙara juya dabinon a tafin hannunsa. Can ya ce, "Ya yi kyau. Yadda na koya maka." Ya mayar da shi cikin buhu, bai kai baki ba.

Yau ni ungozoma ce a gidan likita, da gumin Baba na yi karatu, kuma ban taɓa cewa da bai tafi ba. Ƙannena ma suna can Libiya. Kaka ya rasu, rairayi ya ci gefen kwarin, amma itatuwan suna tsaye. Kowane ɗari sai sun yi fure, ni kuwa ina kasuwa ina sayen na Balarabe.