Ranar da Suwaibatu Ta Ƙi Rufe Rumfa

Shekara goma sha tara Suwaibatu tana sayar da tuwo da sakwara a bakin wata tasha a Lafiya, inda motocin Assakio ke lodi, kuma ba wanda ya taɓa tarar da rumfarta a rufe. Abin alfaharinta ke nan, shi ne kuma ya ci ta.

Takan ce mai abinci tana iya ciwon kai, tana iya ciwon baya, amma ranar da aka gan ta tana zarya banɗaki an gama cin tuwonta. Shi ya sa ta yi wata bakwai tana ganin jini a bayan gida tana ce wa kanta basir ne. Sai da zani ya fara yi mata yawa, Doose, mai sayar da doya a rumfar gefe, ta tasa ta gaba zuwa asibiti.

Likita ya ce za a zura na'ura mai kyamara a duba hanjinta, kuma mai wannan aikin sau ɗaya yake zuwa a wata. Nas ta ba ta jarkar maganin wankin ciki, ta ce ana gobe za a yi kada ta ci komai sai ruwa da shayi ba madara, ta zauna a gida tana sha kofi-kofi.

"Kuma Mama, ki kwantar da hankalinki. Fargaba ma tana ɗaure ciki."

Faɗa dai ba ta da wuya. Yayanta Babandi da irin wannan jinin ya tafi, tana riƙe da kansa. Kwana huɗu kafin ranar, cikinta ya ɗaure tamau, tsoro ya hana ta sakat.

Ranar shan magani ta zo, Suwaibatu ta hura wuta kamar kullum. Idan ta rufe, ai sai an tambaya. Ta ɓoye jarkar a bayan itace, ta sha kofi biyu, cikin ya fara juyawa. Ta dubi 'yan keke jere a benci, ta dubi banɗakin tasha da ke tsallake, a idon kowa, sai ta mayar da murfin. Hannu kuma ya saba: kowace miya sai ta ɗanɗana. Ita ga ta da halin in hankalinta ya tashi sai ta ci. Kafin azahar loma uku ta sakwara sun wuce.

Doose ta gani, ta ce da gurguwar Hausarta: "Maman Luqman, ba nas ya ce ka zauna gida ba?"

"Rufa mini asiri, Doose."

Da yamma a gida ta ɗaga jarkar ta kwankwaɗi sauran gaba ɗaya. Duk ta amayar da shi. Da safe nas ta tambaye ta ko abin da ke fita ya koma ruwa zalla, kunya ta sa ta ce e.

Likita bai yi minti goma ba ya tuɓe safar hannu. Hanjin bai wanku ba, na'ura ba ta samun hanya. Layi kuma ya cika, sai bayan wata uku.

A karo na biyu Doose ce ta sa wa rumfar kwado da hannunta, ta zauna da Suwaibatu a gida tana miƙa mata kofi ɗaya bayan ɗaya, tana ɗauke mata hankali da hira. Ciki ya wanku tas. Likita ya ga ƙari ya tsiro a ciki, ya kusa toshe hanjin. Ko wata ukun nan ne ya ba shi wuri, Allah kaɗai ya sani, amma Suwaibatu ba ta daina tambayar kanta ba. Abin da ciwo.

Yau wata biyu tana kwance. Jiya Doose ta kawo mata kunu, Suwaibatu ta riƙo bakin zaninta.

"Mutanena fa? Suna tambayata?"

Doose ta sunkuyar da kai. Tun ranar farko masu cin tuwon suka koma rumfar gaba.

"Mutum ɗaya ya tambaya," in ji ta. "Ya ce ko za ka ba shi aron benci."