Ƙarar Shokar Motar Malam Sa'idu

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da Malam Sa'idu ya buɗe mini ƙofar bayan motarsa ya ce in zo in gani ba. Tun da yau an ce kowa ya ba da labarin wani aiki da ya taɓa shi, ni wannan zan bayar, ko da yake ba labarin da ke ɗaga mutum ba ne.

Ga waɗanda ba su san tsarin garejinmu na nan Gaya ba, kowa da ɓangarensa. Akwai masu inji, akwai masu waya, akwai masu walda da masu fenti, sannan akwai mu masu ƙafa. Ƙafar mota ita ce duk abin da ke tsakanin taya da gangar jiki: shoka da sifirin da bushin da sauransu. Ni Habu, a lokacin na haura shekara ashirin a wannan ɓangare, kuma ni ne mataimakin shugaban gareji. Idan ƙara ta gagari wani, ni ake kira. Na faɗi haka ne don ku gane irin kan da nake ɗauke da shi a wancan lokaci.

Malam Sa'idu malamin Islamiyya ne a Gafasa, can ƙasar Ajingi. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin wadda ake kwantar da kujerunta. A farkon daminar shekara uku da suka wuce ya zo mini da kwali. Ɗan ƙaninsa da ke Kano ne ya sayo masa shoka huɗu na hannu, irin waɗanda ake iya ɗagawa da saukewa, ya ce masa da su motar za ta tashi daga ƙasa, kuma za ta yi laushi.

"Malam Habu, so nake ta daina bugun ƙasa, kuma ta tafi a hankali," in ji shi. "Ina yawan kai iyali Kano."

Na ce masa ba matsala. Ban tambaye shi me ake zuwa yi Kano ba.

Shokar da muka saba da ita, ka cire tsohuwa ka ɗaura sabuwa, shi ke nan. Wannan kuwa jikinta kamar ƙaton bol yake, da zobba uku da ake murzawa. Biyu na sama su ke riƙe da sifirin, ɗaya na ƙasa shi ke kulle gindin shokar. A kanta kuma akwai ɗan maɓalli, ka juya shi dama ta yi tauri, ka juya hagu ta yi laushi. Gaskiyar magana ban taɓa ɗaura irinta ba. Isyaku mai walda, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya leƙo ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa.

"Oga Habu, ka san kan wannan kuwa? Me zai hana ka kira Usta Kabiru na Kano? Su suna ganin irinta kullum."

"Shoka ce fa, Isyaku, ba jirgin sama ba," na ce masa.

Na ɗaura su a yini guda. Da na zo ɗaga motar, sai na murza zobban sama, na matse sifirin har motar ta tashi kamar yatsa uku. Ta yi kyau a ido. Na hau da ita kwalta, na bi hanyar Wudil na dawo, ban ji komai ba. Malam ya yi godiya ya tafi.

Bayan sati biyu ya dawo. Ya ce duk lokacin da taya ta faɗa rami, sai ya ji ƙwam daga ƙasa, kamar an buga guduma. Na ɗaga motar a jak, na girgiza kowace taya, na bi notuna ɗaya bayan ɗaya na ƙara ɗaurewa. Na sake hawa kwalta ni kaɗai. Shiru. Na dawo na ce masa sabon ɗauri ne, sai sun zauna. Har na yi masa wasa a gaban mutane na ce ko kunnen malamai ne ya fi namu ji. Ya yi murmushi kawai.

Dawowarsa ta biyu, bayan wasu sati biyun, fuskarsa ba walwala. Ya ce ƙarar na nan, kuma ta fi yawa tsakanin Gafasa da Ajingi inda ruwa ya cinye hanya. Wannan karon na canza bushin biyu waɗanda ba su da laifin komai. Na samu wani rami a bayan tasha na faɗa da motar, sai ga ƙarar, na ji ta da kunnena. Maimakon in tsaya in nemi dalilinta, sai na juya maɓallan nan huɗu zuwa ƙarshen tauri. Na koma ramin, ƙarar ta ragu sosai. Motar dai ta zama kamar amalanke, duk tsakuwar da ta taka sai ka ji ta a ƙugunka, amma ni ƙara aka kawo mini, kuma ƙara ta yi sauƙi.

"Malam, ga ta nan, an gama."

Ya shiga ya zauna, ya ɗan danna kujerar da jikinsa. "Kamar ta yi tauri."

"Haka ake so. Za ta saki a hanya."

Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya dubi mutanen da ke zaune a bencina suna shan shayi, sai ya fasa.

Ranar Litinin ɗin da na fara ambata, an kwana ana ruwa. Wajen ƙarfe takwas na safe ina buɗe akwatin sifanu sai na ga motar ta shigo a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai. Bai tsaya a gaban rumfata ba, ya wuce can gefe ƙarƙashin dalbejiya inda ba kowa. Ya fito ya yafuto ni.

"Malam Habu, zo ka gani."

Ya buɗe ƙofar baya. An kwantar da kujeru an shimfiɗa katifa. Matarsa ce, Malama Rabi, kwance a kan gefenta, an tokare ta da filo ta ko'ina. Babbar 'yarsu, matar aure, tana durƙushe kusa da kanta tana riƙe da hannunta. Malamar ta rame har ƙasusuwan fuskarta sun fito. Gumi ya jiƙe mata mayafi duk da sanyin safiyar, kuma leɓenta na ƙasa ya fashe yana ɗan jini, inda take cizawa.

Malam ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ciwon daji ne, ya kama mata ƙashin baya. Duk sati biyu suke zuwa asibiti a Kano. Likita ya ce a guji jijjiga ta. Saboda haka aka sayo shokar tun farko.

"Da can bugun ne kawai, in ya zo sai ta riƙe numfashi," in ji shi. "Amma tun gyaran da ka yi na ƙarshe, babu inda take hutawa. Daga gida zuwa nan sau biyar muna tsayawa."

Na rasa inda zan sa idona. Malamar ce ta fara gaishe ni, muryarta da ƙyar take fita.

"Sannu da aiki. Muna ta wahalar da kai."

Na koma gefe na kira Usta Kabiru a waya, na kunna hoto, na kwanta a cikin laka na nuna masa shokar. Bai yi minti biyu yana kallo ba.

"Habu, wa ya ɗaga motar nan ta zobban sama?"

Na ce ni ne.

"Subhanallahi. Ai ba nan ake ƙara tsawo ba. Zoben ƙasa za ka sassauta, ka murza jikin shokar ya fito daga gindinsa. Na saman an sa su ne don su riƙe sifirin daidai, ya zauna kawai ba tare da ya yi wasa ba. Kai ka matse shi har shokar ta miƙe ta kai ƙarshenta. Taya ta faɗa rami, ba sauran inda za ta sauka, dole ƙarfe ya bugi ƙarfe. Maɓallin fa, a ina ka bar shi?"

Na gaya masa. Sai ya ce, "Allah ya sa ba mai ciki ake ɗauka a motar ba."

Na dawo wurin Malam na faɗa masa gaskiya: na gano matsalar, kuma aikina ne. Gyaran zai ci kamar awa biyu, sai an ɗaga motar an cire tayoyi huɗu, kuma sai an fito da Malama.

Ya girgiza kai. Mutum huɗu ne suka shigar da ita da asuba, kuma sai da ta kusa suma. Likitan da ke ganinta kuwa ba ya wuce azahar, in suka rasa shi sai wani satin, ga maganin rage zafin ya ƙare tun ranar Asabar. Isyaku, wanda ya matso ya ji komai, ya ce ga motar ƙaninsa a ɗauka. Malam ya ce sauya mota ma ɗagawa ce.

Abin da ya rage mini shi ne maɓallan. Na gaba na buɗe bonet na mayar da su laushi. Na baya kuwa a cikin motar suke, gefe da gefen katifar. Sai da 'yar ta ɗan janye filo ta ɗaga bakin katifa kafin hannuna ya kai. Wannan ɗan motsin kaɗai ya sa Malama ta saki wani nishi da ban taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba. Na janye hannu.

"Yi aikinka, ɗana," in ji ta. "Ba komai."

Na juya maɓallan. Na gaya wa Malam taurin zai ragu, amma bugun zai dawo kamar da, ko ya fi. Na roƙe shi in sun dawo da yamma su tsaya, ko ƙarfe nawa ne zan jira, ko kuma in bi su Gafasa da kayan aikina washegari. Ya ce to. Na tsaya ina kallonsu har suka kai bakin titi. A ɗan kwarin da ke ƙofar gareji tayar baya ta faɗa, na ji ƙwam daga inda nake tsaye.

Ba su dawo da yamma ba. An ba ta gado a asibiti. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abinsa. A wannan motar aka kawo ta gida.

Na hau babur na tafi ta'aziyya ranar uku. Shekarata nawa ina gyara motocin da ke bin hanyar nan, amma ban taɓa kula da ramukanta kamar ranar ba. Da mutane suka ragu a zaure, na matsa kusa da Malam na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa.

"Kwananta ne ya ƙare, Malam Habu. Likitoci sun gaya mini tun bara, ba shoka ce ta kashe ta ba. Wahalar tafiye-tafiyen nan dai ta sha ta, wannan ba zan ce maka ba a yi ba. Ni ma da laifina. Sau uku ina zuwa da niyyar in faɗa maka abin da nake ɗauka, sai in ga mutane, in ji nauyin ambaton lalurar iyalina a bainar jama'a. Ita kuwa ta ce in ka zo in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba."

Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Bayan sati uku ya kawo motar. Na ce me za a yi mata yanzu, ya ce akwai wani maƙwabcinsa mai ciwon ƙoda da ba shi da mai kai shi Kano. Na saki zobban sama, na zaunar da kowane sifirin yadda Usta Kabiru ya koya mini, na ƙara tsawon ta ƙasa, na auna ƙafa huɗun da tef har suka yi daidai, na kulle zobba. Awa ɗaya da rabi ya ɗauke ni. Sannan na ce ba kwalta za mu gwada ta ba. Na sa Isyaku ya kwanta a baya, Malam na tuƙi, ni ina gefensa, muka bi hanyar Ajingi muka gangara ta Gafasa.

Motar ta riƙa shiga ramuka tana fita kamar kwale-kwale a ruwa. Ba bugu, ba jijjiga. Haka muka tafi har muka wuce wani babban rami kusa da wata gonar gyaɗa. Nan Malam ya gangara gefen hanya ya kashe inji, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

"Ashe haka za ta iya tafiya," in ji shi.

Muka zauna har ya share fuskarsa da hannun riga ya sake tayar da motar.

Ku da kuke tasowa a wannan sana'a, abin da na ɗauka daga nan ba shi da yawa. In aka kawo muku kayan da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku kira wanda ya sani, shekarunku ba za su ragu ba. In mutum ya ce yana jin ƙara, to yana ji, ku bi shi hanyar da yake bi, kada ku danne ƙarar don ta daina damunku. Kuma mutanenmu ba sa faɗar damuwar gidansu a gaban benci. Ni tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini aikin ƙafa, sai na ja shi gefe inda ba mai ji, na tambaye shi wa yake ɗauka a motar, kafin in taɓa sifana.