Keke Babu Kaya a Gulbin Kaba

Shekarar da na ajiye alli na bar koyarwa a lekwal, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Gishirin dai ban rage ba, amma na sayi keke a kasuwar Mayahi, baƙi, mai wurin ɗaura kaya a baya. Kwana biyu na hau shi a kan titi, ƴan kabu-kabu suka kusa aika ni lahira, sai na koma cikin gulbi.

Wanda bai san Gulbin Kaba ba zai zaci ruwa ne. Babu ruwa, kwari ne mai faɗi, da goriba da gawo, da ƴan siraran hanyoyi da ƙafa da kofato suka fitar. Mota ba ta shiga. Iyakar abin da za ka gamu da shi amalanke, ko mata masu yankan kaba. Na ji daɗin wurin ƙwarai. Abu ɗaya ne ya riƙa ɓata mini rai: duk wanda na wuce sai ya dubi bayan keken, ya dube ni, ya ce, "Mushe, lahiya dai?" Mushe dai haka ake kiran malamin lekwal a wajenmu. In na ce lafiya lau, yawo nake yi, sai ya bi ni da ido kamar na ɓoye masa wani abu. Wata tsohuwa ma a bakin rijiya ta saki guga ta yi salati da na wuce. Na ɗauka gani suke yi tsufa ya taɓa mini kai, na ƙara taka feda cikin fushi.

Ina da yaya mace a wani ƙauye can cikin gulbin. Ita ta goya ni. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo ya tafi Aljeriya neman aiki, shekara biyu babu labarinsa. Ni kuwa rabona da garin shekara shida, kuma ba ni da wani uzuri da zan iya faɗa da baki. Da kaka ta yi, ta aiko ƴan kasuwa su gaya mini idonta yana rufewa, tana so ta gan ni tun tana iya gani. Saƙon ya zo mini sau biyu, ina cewa gobe. Na ukun ne ya sa na ce yau keken nan zai yi amfani.

Matata ta ɗaura mini sukari da ganyen shayi da sabulu a baya. Na kwance su na ajiye. Na ce likita motsa jiki ya ce in yi, bai ce in yi dako ba, ran kasuwa na aika da su. Ta ce, "Haka za ka tahi gidan yayarka hannu biyu?" Na ce ni take son gani, ba sabulu ba. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kunya.

Hanyar ta wahalar da ni. Bayan an yanke gero, kowace gona amalanke ya fitar mata da tata hanya, duk sun yi kama da juna. Wani mai kiwo ya ce in na kai rijiya in yi dama. Rijiya uku na tarar, na yi dama a kowace, har na sake ganin mai kiwon daga nesa. Sai wajen azahar na hango rumbunan garin. Yashin bakin gari ya fi ƙarfin taya, na sauka ina tura keken, ina haki, ban ko iya amsa gaisuwar matan da ke sussuka ba.

Matan suka ajiye taɓare. Ɗaya ta ruga cikin gari.

Ban kai ƙofar gidan yayata ba limamin garin ya tare ni. Tsoho ne da na sani tun ina yaro. Ya karɓi keken da hannunsa ya jingine, ya kama ni ya kai ni gindin bishiyar bedi, aka shimfiɗa tabarma. Maza suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba ni hannu ya zauna, babu mai tambayar iyali, babu mai tsokana. Aka kawo ruwa na sha. Na ce bari in shiga in gaida yaya. Liman ya ɗora hannu a gwiwata ya ce, "Zamna tukuna, Mushe. Ba yanzu ba."

A lokacin ne na ji kuka ya tashi daga cikin gidanta.

Na ce shi ke nan, na makara. Ta aiko sau uku, na tsaya ina kewaya rijiyoyi. Na sunkuyar da kai hawaye suna zuba, ina jira a gaya mini, don ba a tambayar irin wannan, mutum jira yake yi manya su buɗe baki. Da mutanen suka ga hawayena sai salati ya ƙaru. Wani ya tashi ya ce zai je ya faɗa wa na gona. Ni ina jira, su ma shiru. Na dubi liman, shi ma ni yake duba. Mun kai tsawon shan fura a haka, kaina ya kulle, na rasa me ake jira. An riga an binne ta ne? To me ya sa kukan ya fara sai da na iso?

Daga ƙarshe na gaji, na ce, "Malam, yaushe aka yi rasuwar?"

Ya ce, "Kai da ka zo da magana, mu za ka tambaya? A can aka rufe shi, ko mi?"

"Aka rufe wa?"

"Yaron mana."

"Wane yaro? Ni yaya nake tambaya."

"Yayarka tana ciki, ita ce ke kuka. Ɗanta muke tambaya."

Na ce ban san komai game da ɗanta ba. Ya ce to wa ya rasu? Na ce babu wanda ya rasu. Ya ce to me ya kawo ni? Na ce zuwa kawai na yi. Na ga babu wanda ya yarda.

Sai a sannan abin ya faɗo mini, abin da na sani sarai tun ina yaro, zaman gari ya mantar da ni. Kafin salula ta zo, in aka yi mutuwa, mai keke ake tayarwa ya bi gulbi gari-gari. Ba ya ɗaura komai a baya, ba ya tsayawa doguwar gaisuwa, a bakin gari yake sauka ya turo. Maza ke fara jin labarin, sannan a san yadda za a gaya wa uwa. Wata uku ke nan ina yawo a gulbi ina tayar wa tsofaffi hankali, ina kuma jin haushinsu.

Aka shiga da ni. Yayata tana zaune a ƙasa, mata sun rirriƙe ta, ɗankwali ya zame. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne. Wallahi ban zo da komai ba. Ban ji labarinsa ba, mai kyau ko maras kyau."

Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta matso da ni dab da idonta. Ta ce, "Auta, rantse." Na sake rantsewa. Ta daɗe tana ajiyar zuciya, ban san ko murna take yi ba, ko na mayar da ita cikin jiran da ta zaci ya ƙare. Har yau ban sani ba.

Na so in ɗan yi faɗa don in rufe kunyata, na ce ya za a yi gari guda ya yanke hukunci a kan keke? Ta ce, "Ba keken ba ne kaɗai. Tun da aka kawo ni garin ga, sau uku ka zo. Ka zo ka hwaɗa mini baba, ka zo ka hwaɗa mini inna, ka zo zaman makokin maigidana. Da suka ce ga ka nan tahe, mi kake so in zata?"

Na tambaye ta ko tana ganina. Ta ce tana ganin farin rigata.

Da zan tafi washegari ta rako ni bakin zaure tana dafa bango, ta ce in zan sake zuwa in ɗaura wani abu a baya, ko da rake ne, a hango shi tun daga nesa. Yanzu duk Alhamis nake zuwa, da rake biyu a ɗaure a gicciye. Idonta ya rufe gaba ɗaya kafin damina. Matan bakin gari ne ke ɗaga murya su gaya mata, "Ga autanki nan, da kaya!"